Shin sa yara rubuta bayani a darasin lissafi yana da amfani, ko ɓata lokaci ne?

Tambaya daga wata malama mai koyar da 'yan aji huɗu na firamare a Tudun Wada, Kaduna: "A wajen wata bita an ce mu ba yara littafi na musamman da za su riƙa rubuta yadda suka yi tunani a lissafi, da abin da suka gane, da wanda ya shige musu duhu. Ni yarana sun haura 80, da yawansu ko jimlar Turanci ɗaya ba sa iya rubutawa daidai. Lissafi kuma ai lamba ce. Wannan ba ɓata lokaci ba ne? In yana da amfani, ta ina zan fara?"

Malama, sannu da ƙoƙari, Allah ya saka da alheri. Yana da amfani, kuma ina ganin ajinki ya fi ajin yara 20 buƙatarsa. Sai dai amfanin nasa yana wuri ɗaya ne, in aka kauce wa wurin lallai ya zama ɓata lokaci da ɓata takarda. Wannan littafi, wanda zan riƙa kira littafin tunani, aikinsa shi ne ya nuna miki dokar da yaro yake bi a cikin kansa. Yawancin amsoshin da muke ja wa jan biro ba na ganganci ba ne. Yaron yana da wata doka da ya yarda da ita, yana kuma bin ta bilhaƙƙi, dokar ce kawai take da tangarɗa. Lamba ba ta faɗa miki wace doka ce. Yaron ne kaɗai zai iya faɗa, ke kuma ba ki da lokacin da za ki zauna da mutum 80 ɗaya bayan ɗaya ki tambaye su.

Ga misalin da na tabbata yana ajinki yanzu haka. Ki rubuta 52 − 38 a allo. Wasu za su kawo miki 26 maimakon 14. In kika tsaya a kan lambar, abin da za ki ce shi ne ba su iya ɗebewa ba, ki sake maimaita musu darasin aro, ki ƙara musu aikin gida. Amma ki ce kowa ya rubuta layi biyu kan yadda ya yi, sai ki ga irin wannan: "Ba a cire 8 daga 2, sai na cire 2 daga 8 na samu 6. Na cire 3 daga 5 na samu 2." Wannan yaro ya iya ɗebewa sarai. Abin da ya riƙe shi ne maganar da aka faɗa masa tun yana aji ɗaya, cewa ƙarami ake cirewa daga babba, sai yake aiki da ita a kowane gurbi. Abin da ya sa yake wuce mu ba mu lura ba shi ne dokar tasa tana ba shi amsa daidai a duk lissafin da ba ya buƙatar aro. Ki ba shi 58 − 32, zai ce 26, kuma ya yi daidai. To ki ɗora masa su biyun gefe da gefe, ki ce ya rubuta: mai naira 58 ya kashe 32, mai naira 52 ya kashe 38, ta yaya kuɗin da ya rage musu zai zama ɗaya? A nan ne zai fara zargin dokarsa da kansa. Bayani goma daga bakinki bai kai wannan zargin shiga ba.

Wannan ba sabon abu ba ne a wurin masu bincike. Tun a 1978 wasu masana biyu a Amurka, John Seely Brown da Richard Burton, suka bi diddigin kurakuran yara a ɗebewa, suka nuna cewa da yawansu suna da tsari, yaro yana maimaita kuskure iri ɗaya a wuri iri ɗaya, kuma wannan na cire ƙarami daga babba yana cikin waɗanda aka fi samu. Wanda ya fi taɓa ni shi ne labarin da Stanley Erlwanger ya wallafa a 1973, na wani yaro ɗan shekara 12 da ya kira Benny. Makarantarsu tana bin tsarin da yaro zai cike takardun aiki shi kaɗai, a duba amsarsa, in ya ci ya wuce gaba. Ana ƙirga Benny cikin masu ƙoƙarin ajin. Da Erlwanger ya zauna da shi ya ce ya bayyana yadda yake yi, sai ga shi yaron yana mayar da 2/10 ta zama 1.2, don yana haɗa 2 da 10 ya samu 12 ya sa ɗigo a tsakani. A wurinsa 0.3 da 0.4 in an haɗa 0.07 ne. Shekaru yana tafiya da waɗannan dokoki, yana hawa mataki bayan mataki, ba wanda ya sani, domin ba wanda ya taɓa ce masa ya faɗi dalili. Ina tuna Benny duk sanda na ga katin sakamako ɗauke da maki 70 a lissafi.

Kin ce lissafi lamba ce. Haka muka tarar, amma ba haka ya faro ba. Muhammad bin Musa Al-Khawarizmi, wanda ya rubuta littafinsa na aljabara, wato lissafin gano adadin da ba a sani ba, a Bagadaza wajajen shekara ta 820, da jimloli ya rubuta shi, babu alamomin da muke gani a yau, kuma babban ɓangare na littafin kan rabon gado da wasiyya ne. Alamar daidai ɗin nan mai layi biyu sai a 1557 wani likita ɗan Birtaniya, Robert Recorde, ya fito da ita, don ya gaji da maimaita rubuta "daidai yake da". Alamomin gajerce magana ne. Mu kuma sai muke miƙa wa yaro gajercen ba tare da ya taɓa jin cikakkiyar maganar ba. Ki gwada wannan gobe: 8 + 4 = __ + 5. A binciken da Thomas Carpenter da abokan aikinsa suka wallafa a 1999, mafi yawan 'yan firamaren da aka tambaya 12 suka ce ko 17, kaɗan ne suka ce 7. In kika ce yaranki su rubuta abin da alamar take nufi, da yawa za su ce tana nufin "ga amsa nan tafe". Yaron da ya shiga ƙaramar sakandare da wannan fahimta zai sha wuya a aljabara, malaminsa kuma zai ɗauka haruffan ne suka rikita shi, alhali matsalar tana can baya tun aji biyu.

Akwai wani dalilin da ya shafe mu kai tsaye a garin nan. Cikin yaranki akwai masu talla bayan an tashi, akwai masu zama a shagon uba a Kasuwar Barci ko babbar kasuwa ta Sheikh Gumi, akwai waɗanda ake aika cefane kullum. Yarinyar da ke sayar da awara, a ce naira 50 kowace ɗaya, in mutum ya ɗauki 13 ba ta neman biro. Za ta ce biyu ɗari, sha biyu ɗari shida, da guda ɗaya, ɗari shida da hamsin. A ba ta dubu, ta ɗora hamsin ya zama ɗari bakwai, ta ɗora ɗari uku, ta miƙa canjin 350. Wannan yarinyar ce za a rubuta wa 13 × 50 a allo ta kawo 5150, ko a jikinta. A 1985 Terezinha Nunes da abokan aikinta sun wallafa bincike kan yara masu talla a birnin Recife na ƙasar Brazil. Sun zo musu a matsayin masu saye, yaran suka ci kusan kashi 98 cikin ɗari na lissafin. Da aka ba su lambobin nan dai a takarda, ba ciniki ba labari, sai suka ci kusan kashi 37. Akwai wanda ya faɗi kuɗin kwakwa huɗu a kan 35 kowace ɗaya da baki, ya ce 140, amma a takarda ya rubuta 200.

Abin da ke faruwa shi ne yaron yana da lissafi biyu a kansa, na kasuwa da na makaranta, kuma ba wanda ya taɓa gaya masa cewa abu ɗaya ne. A kasuwa yana lura da girman kuɗi, ya san awara 13 ba za ta kai dubu biyar ba. A aji yana tura lambobi ne daga gurbi zuwa gurbi, duk abin da ya fito shi ke nan. Littafin tunani shi ne wurin da za ki haɗa masa su. Ki ce ya raba shafi biyu, a hagu ya rubuta yadda zai yi da ka, a dama yadda aka koya a allo, a ƙasa ya faɗi ko sun zo ɗaya, in ba su zo ɗaya ba wanne ya fi yarda da shi. Za ki ga wasu da kike ɗauka ba sa ja suna rubuta hanyoyin da ke kanki za ki tsaya ki bi a hankali kafin ki gane. Irin waɗannan yara sun daɗe suna jin cewa abin da suka iya ba ya cikin abin da makaranta take ƙirgawa, kuma wannan yana ci mini rai.

Sai maganar Turanci, wadda ita ce ainihin damuwarki. Ki bar su su rubuta da Hausa. Ki bar su su gauraya, su ce "na yi borowin ɗaya daga biyar". Kaduna ce, wataƙila akwai ɗan Gbagyi ko Bayarabe ko wanda Turancin buroka ya fi zama a bakinsa, shi ma ya rubuta da abin da ya fi iyawa muddin za ki iya karantawa ko wani ya karanta miki. Wanda hannunsa ya fi faɗawa da ajami saboda makarantar allo, kada a hana shi. Tunaninsa kike nema, kuma in kika ce sai da Turanci, abin da zai dawo miki shi ne jimlolinki da ya kwafa daga allo, waɗanda ba za su gaya miki komai ba. Wasu iyaye da wasu shugabannin makaranta za su ce wannan zai kashe wa yara Turanci. Akwai amsa daga cikin ƙasar nan. Daga 1970 Farfesa Aliyu Babatunde Fafunwa ya jagoranci wani gwaji a Ile-Ife, inda aka koyar da wasu yara dukkan darussa da Yarabanci tsawon shekaru shida na firamare, har da lissafi, Turanci kuma yana matsayin darasi guda. Yaran ba su koma baya a Turanci ba, kuma sun yi kyau a sauran darussan. Ke ma ba ki ce za ki daina koyar da kalmomin lissafi na Turanci ba, tunda da su za a yi jarrabawa. Abin da nake ba da shawara shi ne shafin ƙarshe na littafin ya zama na kalmomi: kowace sabuwar kalmar Turanci ta shigo, yaro ya rubuta ta, ya rubuta ma'anarta da bakinsa, ya kawo misali ɗaya nasa.

Wanda bai iya rubutu ba kwata-kwata, kuma na san akwai su a aji huɗu, ya yi zane. Ya ja layuka, ya zana ƙulli goma-goma na tsinke, ya zana takardun kuɗi. Ko ki haɗa shi da wanda ya iya, shi ya faɗa, wancan ya rubuta, su sa sunayensu su biyu. Zanen ma yana tona abu. Ki ce su rubuta ɗari da biyar da lamba su zana shi, wanda ya rubuta 1005 kin gane cewa abin da kunnensa ya ji yake rubutawa, ɗari sannan biyar, bai riga ya gane aikin gurbi ba.

Yadda za ki fara ba ya buƙatar kuɗi mai yawa. Ƙaramin littafin rubutu mai falle 20 ya isa zango guda, in ma iyaye ba su da hali a yanka ɗaya gida biyu, ko a juya littafin lissafin a fara daga baya. Littattafan su zauna a makaranta, cikin kwali ko buhu a ofishin hedimasta. In suka je gida, yayye da malaman lesin za su rubuta musu, wasu kuma a yage su a ƙunsa ƙosai. Sau biyu a mako ya isa, minti biyar zuwa bakwai a ƙarshen darasi, tambaya ɗaya tak a allo. Makon farko kada ki sa ran komai. Za su rubuta "na gane" ko "lissafi yana da daɗi", don sun saba cewa abin da malami ke son ji ake faɗa. Saboda haka ki fara yi a gabansu: ki warware lissafi a allo kina magana da ƙarfi, kina rubuta tunaninki da Hausa a gefe, har da wurin da kika tsaya kika ce bari in duba ko wannan amsar ta yi kama da gaskiya. Sannan ki ba su bakin jimla su ƙarasa: "Da farko na...", "Na san amsata daidai ce saboda...", "Inda na maƙale shi ne...". Bayan 'yan makonni za su daina buƙatar wannan.

Ingancin abin da za ki samu yana rataye ne a kan tambayar. "Me kuka koya yau?" ba ta haifar da komai, za su kwafo miki kan darasin. Tambayar da ta fi yi mini aiki ita ce ta kuskuren wani. Ki ce wani yaro a wata makaranta ya ce 1/2 + 1/3 = 2/5, ku rubuta masa wasiƙa ku gaya masa ko ya yi daidai. Yaro ba ya jin kunyar tattauna kuskuren wanda bai sani ba, ko da shi ma haka yake yi. Wani zai rubuta cewa daidai ne, an haɗa sama an haɗa ƙasa. Wani zai ce ba zai yiwu ba, don biyu cikin biyar bai kai rabi ba, ta yaya za ka ƙara wa rabi wani abu ya dawo ƙasa da rabi? Wannan na biyun ko bai iya kawo 5/6 ba, ya riga ya kama abin da ya fi muhimmanci. A nan muna da wata dama da ba mu cika amfani da ita ba. Yaran da ke zuwa Islamiyya suna jin rabi da rubu'i da sumuni da sulusi da sudusi a ayoyin gado na Suratun Nisa'i. Ki tambaye su: wanda ya samu sudusi da wanda ya samu sulusi, wa ya fi samu, kuma don me, tunda shida ta fi uku? Amsoshin za su raba miki ajin gida biyu, masu kallon girman lambar da masu kallon girman kason. Haka in kun kai lambobi masu ɗigo, ki tambaya tsakanin 0.3 da 0.25 wanne ya fi, ki ce a kawo dalili. Wani lokaci kuma ki juya abin, ki ba su 24 ÷ 6 ki ce kowa ya ƙirƙiro labarin da wannan lissafi zai warware. Wanda ya rubuta cewa yana da mangwaro 24 ya ba ƙaninsa 6, kin san rabawa da ɗebewa sun cakuɗe masa.

Lissafin labari shi ne inda yaranmu suka fi zubewa a jarrabawar shiga sakandare, kuma a nan littafin yake da wani amfani na daban. Wata malama 'yar Ostireliya, Anne Newman, ta nuna a 1977 cewa yaro yana bin matakai biyar kafin ya kai ga amsa: ya karanta tambayar, ya gane abin da ake nema, ya zaɓi lissafin da ya dace, ya yi lissafin, ya rubuta amsar yadda ta dace da tambayar. Ta gano cewa kaso mai yawa na kurakuran suna faruwa ne tun kafin a zo ga lissafin kansa. Mu kuwa in yaro ya faɗi, mataki na huɗu muke ta maimaita masa. Kamar a yi ta ba mutum maganin zazzaɓin cizon sauro ne alhali taifot ke damunsa. Ki ba su wannan: yara 23 za su je Kawo, kowane keke yana ɗaukar mutum 4, keke nawa za a tsayar? Ki ce kafin kowa ya taɓa lamba ya rubuta da Hausa abin da ake tambaya. Wanda ya kasa wannan, matsalarsa karatu ce ko Turanci. Wanda ya haɗa 23 da 4, a mataki na uku ya tsaya. Wanda ya ce "5 saura 3" ya iya rabawa, sai dai ya manta cewa mutane ne, kuma ukun nan ba za a bar su a bakin titi ba. Kowannensu maganinsa daban, kuma duka ukun sifili ɗaya za su samu a takardar jarrabawa.

Na san abin da ke ranki: wa zai karanta littafi 80? Manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami ɗaya ga yara 35 a firamare, ke kina riƙe da fiye da ninki biyu, ga rajista ga shirin darasi ga gidanki. Kada ki karanta duka. Ki raba ajin rukuni-rukuni, duk ranar da aka yi rubutu ki ɗauki goma ko sha biyu, ta yadda a cikin wata guda kowane yaro zai zo hannunki sau ɗaya. Karatun ma ba na gyara ba ne. Ki ware su kashi uku a kan tebur: waɗanda suka gane, waɗanda suke bin wata gurguwar doka, da waɗanda ba a gane abin da suka rubuta ba. Minti goma sha biyar ya isa. In huɗu cikin sha biyu suna cire ƙarami daga babba, ki ƙaddara akwai irinsu da yawa cikin sauran, darasin gobe ya samu ke nan. Ki fara shi da karanta bayani biyu masu karo da juna ba tare da kin faɗi sunan masu su ba, ki bar ajin su yi gardama. Wannan matakin shi ne wanda ba a tsallakewa. In rubutun bai canza abin da za ki koyar gobe ba, gara a bar shi, domin yara suna saurin gane cewa ba mai karantawa, daga nan sai su koma rubuta "na gane".

Ina roƙonki abu ɗaya da babbar murya: kada jan biro ya shiga littafin nan, kada a ba shi maki, kada a gyara kuskuren rubutu a ciki, kuma kada a taɓa dukan yaro ko a yi masa dariya saboda abin da ya rubuta. Ranar da aka zane wani don ya rubuta "ban gane aro ba", daga ranar kin rasa ajin gaba ɗaya, kowa zai koma ɓoye jahilcinsa kamar yadda ya saba. Yawancin manyan da ke cewa su ba su da kan lissafi, in ka bi labarinsu za ka tarar da bulala da jadawalin sau a wani aji na firamare. Abin da za ki rubuta wa yaro gajere ne, da fensir ko shuɗin biro: "Wannan hanya taka ta burge ni, za ta yi aiki a 61 − 47?" ko "Zo ka nuna mini da tsinke." Sau ɗaya a wata kuma ki ba su dama su rubuta abin da ke ba su tsoro a lissafi. Za ki karanta abubuwan da ba lissafi ba ne, wanda ba ya ganin allo daga baya, wadda kullum take makara saboda ɗiban ruwa har darasin farko ya wuce ta. Ki riƙe musu sirri.

Kada kuma in sa ki ɗauki abin fiye da yadda yake. A 2004 Robert Bangert-Drowns da abokan aikinsa sun tattara bincike 48 da aka yi kan amfani da rubutu don koyon darussa a makarantu. Sun samu cewa yana ƙara ƙoƙarin ɗalibai, amma ƙarin kaɗan ne. Ya fi tasiri in tambayoyin suna sa ɗalibi ya duba abin da ya gane da abin da ya rikita shi, kuma dogon rubutu yana rage amfanin. Shi ya sa na ce layi biyu ko uku, minti biyar. Littafin tunani ba zai maye gurbin haddar jadawalin sau ba, ba zai maye gurbin yawan gwaji ba, ba zai maye gurbin ƙirga da tsinke da marafan kwalba ba. Yaron da bai haddace 7 × 8 ba zai wahala ko da ya iya bayani kamar lauya. In hedimasta ya tambaye ki abin da wannan zai ƙara a jarrabawa, ki tuna masa cewa a takardar lissafi ta WAEC da NECO wadda ake rubuta aiki, ana ba da maki a kan matakan da ɗalibi ya nuna, ba a kan amsar ƙarshe kaɗai ba, kuma ɗalibin da bai saba shimfiɗa tunaninsa a takarda tun yana ƙarami ba, ba a aji shida na sakandare zai koya ba.

Ke ma ki buɗe naki littafin. Kafin ki koyar da wani babi, ki zauna ki rubuta wa kanki da Hausa dalilin dokar: me ya sa in an yi aro ɗayan yake zama goma, me ya sa ake ƙara sifili in an ninka da 10, me ya sa ake neman lambar ƙasa ta zama ɗaya kafin a haɗa kaso da kaso. Da yawanmu dokokin aka ba mu ba dalilan ba, kuma ba laifinmu ba ne, haka aka koyar da waɗanda suka koyar da mu. Inda alƙalaminki ya tsaya, ki kai wa wani malami a makarantarku ku warware tare, domin a nan ne yaranki ma za su tsaya. A ranar taron iyaye da malamai kuma ki gaya wa iyaye abin da za su iya yi ko ba su yi boko ba: in yaro ya dawo daga aike da canji, a ce masa ya faɗi yadda ya lissafa, a saurare shi har ya gama kafin a ce daidai ne ko ba daidai ba.

Ranar Litinin ki fara da 52 − 38. Ki rubuta a ƙasansa, "Faɗa mini yadda ka yi, da harshen da ka ga dama." Ki ɗauki littafi sha biyu daga layuka daban-daban, na gaba da na tsakiya da na can baya, ki ware su kashi uku. In masu 26 sun yi yawa, ranar Talata ki shigo da tsinken tsintsiya a ɗaure goma-goma, ƙulli biyar da guda biyu a warware, ki ce wani ya fito ya cire 38 a gaban kowa, ki bar shi ya gano da kansa cewa sai ya kwance ƙulli ɗaya.